Lambar da Ta Danne Katin Biki a Akwatialine

Kwamfuta ɗaya ce a shagon, ta hannu, tana aiki da Ubuntu. Shagon yana Akwatialine, ba nisa da Babban Masallacin Kumasi, kuma sana'a biyu ke cin abinci a kanta: tsara katin biki da na suna a manhajar Inkscape, da matse bidiyon bukukuwa da ffmpeg don ya shiga WhatsApp. A watan Sha'aban, lokacin da kowa ke rige-rigen ɗaurin aure kafin azumi, sai ta tsiro da wani hali. Da safe lafiya lau. Da an sallame azahar, a ja hoton amarya da linzami, sai ya kafe, ya daɗe kafin ya biyo hannu. Mai kati na zaune a benci yana kallo, Alhaji mai shago na share zufa. Shi ne ya aiko a kira ni.

Ƙura muka fara zargi, don unguwa ce ta masu katako, garin itace na shiga ko'ina. Muka buɗe, muka hure fanka, zafi ya ragu, ciwon bai tafi ba. Alhaji ya ce ko ƙarfin wuta ne ke sauka da rana. To amma raunin wuta ba ya zaɓar manhaja guda ya bar saura, ga bidiyo kuwa yana ta gudu abinsa. Ma'adanar wucin gadi ma da sauran wuri a cikinta.

Yaron shagon ne ya faɗi abin da ya buɗe hanya: da zarar bidiyo ya gama matsuwa, Inkscape sai ya warware kamar ba shi ba. Ashe ba ruwan azahar, lokacin ne kawai masu ɗaukar hoto ke kawo aikinsu. Sai dai an daɗe ana haɗa ayyukan nan biyu ba tare da kuka ba. Me ya sauya?

Na buga top, jerin ayyukan da ke gudana ya fito. ffmpeg na sama ya cinye kusan duk ƙarfin na'urar, wannan ba abin mamaki ba ne, halinsa ke nan. Idona ya tsaya a ginshiƙai biyu da mutane ke tsallakewa, PR da NI. Na ffmpeg 20 da 0. Na Inkscape 39 da 19.

A Linux kowane aiki na yau da kullum yana ɗauke da lamba daga -20 zuwa 19, kuma a 0 ake farawa. Lambar tana auna yawan sassaucin da aiki ke yi wa 'yan'uwansa, don haka 19 ne ƙarshen layi, -20 ne gaban gaba. PR kuwa 20 ne aka tara da NI. Tun 2007, da Ingo Molnár ya shigo da sabon tsarin rabon lokaci a Linux 2.6.23, lambar nan nauyi take zama: mai 0 nauyinsa 1024, mai 19 nauyinsa 15 kacal. Rabon kamar watanda ne, gwargwadon abin da ka zuba gwargwadon naman da za ka ɗauka. Idan su biyu suka haɗu a kan ƙwaƙwalwa ɗaya, mai 15 ba ya samun ko kashi 2 cikin 100. Idan kuwa ba mai takara da shi, duka nasa ne. Shi ya sa safiya ba ta taɓa tona asirin ba.

Saura wa ya sa lambar, tunda Inkscape ba ya kai kansa 19. Ko dai an ba shi, ko ya gada daga aikin da ya haife shi. Na buga ps -o pid,ppid,ni,comm a kan Inkscape na bi uwar, sai ga wani ɗan rubutun umarni da ake dannawa kowace safiya ya buɗe kayan aikin shagon gaba ɗaya. Ita uwar 0 take ɗauke da shi, ke nan ba gado ba ne. A cikin rubutun ga layi ƙarara: nice -n 19 inkscape.

Yaron ya sunkuyar da kai. "Masta, ni na sa. Na ga aikin kati ya yi yawa, na ce bari in ba shi lamba mafi girma."

Alhaji ya buɗe baki zai yi faɗa, na ce, "Alhaji, a yi masa haƙuri, tunaninsa a kan hanya yake." Kuma har zuciyata haka nake gani. Yaro ya lura da aikin da ke kawo kuɗi ya nemi ya fifita shi, ba kowane almajirin sana'a ke kai wa nan ba. A Windows, inda ya fara koyo, abin da aka rubuta babba shi ne babba. A Linux ɗin ma, ayyukan gaggawa da ake saita wa da chrt daga 1 zuwa 99 suke, kuma 99 ne kan gaba. Lambar NI ce ta juya baya.

Ya yi maza ya buga renice don ya mayar da shi 0, na'ura ta ce ba shi da izini. Ƙa'ida ce tsohuwa daga zamanin Unix, lokacin da jama'a da yawa ke raba na'ura guda: kowa na iya ƙasƙantar da aikinsa, amma ɗaga shi sai mai cikakken iko. Alhaji ya matso ya sa kalmar sirrinsa ta sudo, 19 ta koma 0, hoton amarya ya biyo linzami nan take.

Muka gyara rubutun safiyar: Inkscape a 0, ffmpeg a 10, mai nauyin 110. Alhaji ya damu kada bidiyo ya riƙa kwana. Bai kwana ba, don mai tsara kati ya fi daɗewa yana duban allo da tambayar sunan waliyyi fiye da jan hoto, kuma duk wannan tsakanin ffmpeg ne ke kwashe lokacin.