Malam Madori: Garin Da Gyaɗa Da Reluwe Suka Kafa

Manoman ƙasar Haɗejiya, ko akwai wanda bai san Malam Madori ba? To, amma ba kowa ya san dalilin da ya sa gari ya zauna a wurin ba.

Malam Madori tana arewa maso yamma da birnin Haɗejiya, tafiyar rabin yini ga mai jaki. Tun 1991 tana cikin Jihar Jigawa. Ba irin garuruwan nan ba ce masu ganuwa da tsohon tarihin sarauta. Abin da ya raya ta hanyar jirgin ƙasa ce.

Ga yadda aka yi. Jirgi ya iso Kano cikin 1911, shekara na zagayowa cinikin gyaɗa ya buɗe. Amma manomin gabas bai ci moriyar abin sosai ba, don kuwa kafin jaki ko raƙumi ya kai buhu Kano, kuɗin ɗauka ya cinye riba. Sai aka ja layi daga Kano ta Ringim da Gagarawa, ya kai Nguru cikin 1930. Layin nan kan tudu ya bi, arewa da kogi, bai shiga birnin Haɗejiya ba. Saboda haka aka yi wa Haɗejawa tasha a Malam Madori.

Inda jirgi ya tsaya kuwa, nan sikeli ke sauka. Kamfanonin Turawa suka kakkafa kantuna, masu sayen gyaɗa suka biyo, sa'an nan 'yan dako, da akawuna, da masu tuwon sayarwa. Ƙasar jigawa ce, rairayi mai taushi, irin wadda gyaɗa ke so, ba ta wahalar cira. Da kaka ta yi sai ka ga jakuna jere daga ƙauyuka, har aka riƙa tara dalar gyaɗa a nan kamar ta Kano. Baƙo ya zo cin rani, ya ga wurin da albarka, ya yi gida.

Farin 1973 da cutar da ta auka wa gyaɗa cikin 1975 su suka karya wannan ciniki, dala ta ɓace. Amma kasuwa ba ta tashi ba. Manoman yankin da yawa sun koma ga riɗi da zoɓorodo, su kuma motoci ke kwasarsu.