Kula da Tsohuwar Mota Mai Aiki da Man Gas

Masu tsofaffin motocin da ke shan man gas, wato dizal, irin su Peugeot 504 da Mercedes 240D, sukan koka da abubuwa biyu: mota ta ƙi tashi bayan inji ya yi zafi, da kuma wari daga na'urar sanyaya iska. Sanin dalilansu yana hana asarar kuɗi.

Ƙin tashi da zafi

Injin dizal ba shi da fulogin tartsatsi. Iska yake matsewa har ta yi zafi, sa'an nan famfo ya fesa mai ya kama da wuta. Hitar da ke cikinsa amfaninta tayar da inji mai sanyi ne. Saboda haka idan mota tana tashi da safe, amma ta ƙi bayan tafiya, sauya hita ba safai yake magance kome ba. Abubuwa uku ya kamata a duba, daga mai araha zuwa mai tsada:

1. Batir da kik. Idan kik ya tsufa, zafi yakan rage masa ƙarfi, ya kasa juya inji da sauri. A kankare kawunan batir, a ɗaure wayoyi sosai.

2. Hanyar mai. Tiyo da ya tsage yakan bar iska ta shiga, matatar mai kuwa takan toshe da datti.

3. Famfon fesa mai. Man gas yakan tsinke da zafi, sai ya riƙa zurarewa ta jikin ƙarafan da suka cinye, ƙarfin feshi ya ragu. Alamarsa ita ce mota ta tashi bayan ta huce. Wannan aikin ƙwararren makaniki ne.

Kada a riƙe kik fiye da daƙiƙa 15 a lokaci guda. Kada kuma a zuba fetur a mashigar iska, domin yana iya lalata inji ko ya jawo gobara.

Warin na'urar sanyaya iska

Na'urar tana tatsar ruwa daga iska, ruwan kuma yana fita ta wani ɗan bututu a ƙarƙashin mota. Idan bututun ya toshe, ruwa yakan kwanta, fumfuna ta tsiro, wari ya taso. Maganinsa a buɗe bututun, a wanke na'urar, a kuma riƙa kashe sanyi a bar fanka ita kaɗai kamar minti 5 kafin a tsaya, domin ciki ya bushe.

Gargaɗi

Idan warin hayaƙi ne, to, salansa ta yoye. Hayaƙin inji yana ɗauke da iska mai guba wadda ke sa ciwon kai da jiri, har takan kashe mutum. Wajibi ne direba ya sauke gilasai nan take, kada ya sake ɗaukar kowa sai an gyara. Rigakafi ya fi magani.