Abin da Jar Akuya Ke Gani da Kai Ba Ka Gani

Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin kama jar akuyar Maradi a karar Cadawa ko ta Gazawa ya san ba a lallaɓo ta ta gefe. Kafin ka miƙa hannu ta zabura. Dillalai kan ce wayo gare ta. Ni da na tashi ina zuba wa awakin innata harawa da dusa, na fi ganin sirrin a idonta.

Ka tsaya da rana ka duba ƙwayar idon akuya. Tamu zagayayya ce, tata a kwance take, doguwa daga gefe zuwa gefe, idanun kuma a gefen kai suke. Shi ya sa take ganin kusan duk kewayenta, digiri 320 zuwa 340 cikin 360, ba tare da ta waiwaya ba. A shekarar 2015, Martin Banks na Jami'ar Kaliforniya a Amurka da abokan aikinsa sun duba idanun dabbobi iri 214, suka tarar yawancin masu cin ciyawa da ake farauta haka ƙwayar idonsu take. Sun kuma lura idan akuya ta sunkuya tana kiwo, idon kan juya cikin gurbinsa don ƙwayar ta zauna daidai da shimfiɗar ƙasa. Baki na tsinkar ciyawa, ido na gadin kare da dila.

Ido dai ɗan aike ne. Abin da ya gani, jijiyoyi ke kai shi ƙwaƙwalwa cikin ɗan motsin lantarki, kuma a wasu jijiyoyin saƙon kan yi mita 100 cikin daƙiƙa guda. Wani saƙon ma ba ya jiran ƙwaƙwalwa. In jakin amalanke ya taka ƙayar aduwa a hanyar Gidan Rumji, lakar da ke cikin ƙashin bayansa ce ke ba da umarnin ɗage ƙafa, sannan zafin ya iso kai.

A wajen hanci dabbobi sun bar mu a baya ƙwarai. Akuya na haihuwa ta hau lasar ɗanta, cikin sa'o'in farko ta riƙe warinsa. Daga nan ko ɗan wata ya laɓo nono, sansanawa ɗaya za ta yi ta tunkuɗe shi. Innata ba ta yarda yaro ya ɗauke jinjirin akuya ranar haihuwa, kuma tana da gaskiya: in aka raba su a wannan lokaci, uwar na iya ƙin sa. Haka bunsuru, idan ya sansani fitsarin akuya ya ɗaga kai ya yage leɓe, yara su ce dariya yake. Warin yake turawa wata ƴar gaɓa da ke saman ganɗarsa, ita ke gaya masa ko akuyar ta kai barbara.

Kunne ma haka. Mutum ba ya jin sautin da ya wuce kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, shanu da awaki kuwa suna ji har wajen 35,000. Ihun da muke yi wajen loda su a mota firgita su kawai yake, su ƙara turjewa.

Sanin wannan hanya ta jijiyoyi na ceton rai. Ƙwayar cutar haukar kare ta jijiya take bi daga wurin cizo har ƙwaƙwalwa, kuma in alamu suka bayyana kusan babu tsira. Tunkiyar da ke juyawa wuri guda kuwa, sau da yawa tsutsar cikin kare ce ta shiga ta ciyawar da kashinsa ya ɓata, ta yi ƙurjin ruwa a ƙwaƙwalwa.

Don haka in kare ya ciji mutum, a wanke ciwon da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya likita a ranar. In tunkiya mai juwa ta mutu ko an yanka ta, a binne kan, kada a jefa wa karnuka. In kuma dabba ta turje maka, ka duba abin da ta gani ko ta ji kafin ka ɗaga sanda.