Kifin Ƙanƙara a Tukunyar Matanmu

Duk wanda ya tashi a Argungu ko Yawuri, ran da ya sauka Ikko ya ga kifin ƙanƙara sai ya yamutsa fuska. Yarbawa ma "oku Eko" suke ce masa, wato gawar Ikko, don ya daɗe da mutuwa kafin jirgin ruwa ya kawo shi. Amma maigida mai iyali a Agege ko Sabo ta Badun ya san kuɗin nama, ya san na kifin nan, dole ya shiga cefane.

Kuskuren matanmu shi ne suna dafa shi kamar tarwada. Tarwada tana jure wuta. Titus kuwa da ya sha tafasa sai ya dagargaje, ƙarni ya cika ɗaki, maigida ya ture kwano, kuɗi sun tafi a banza. A bari ƙanƙarar ta narke tukuna, a cire kayan ciki, a kankare baƙin jinin da ke jikin ƙashin baya. A wanke da gishiri da lemun tsami, a shafa citta da tafarnuwa, a soya a man gyaɗa har ya yi ja. Sai miya ta nuna sannan a saka shi, a sauke.

A miyar kuka dai ni ban yarda da shi ba. Nan wurin bandar Baga ne, wadda ake kawowa daga Tafkin Chadi. Ita ma a jiƙa ta a ruwan zafi, saboda yashi da ƙwari.