Gwada Ruhohi: Yadda Kirista Ke Auna Wahayi

A cikin ikilisiya, da wuya a samu maganar da ke rufe bakin jama'a kamar mutum ya ce Ubangiji ne ya nuna masa. Wa zai ja da Allah? Sai dai tarihin Kiristanci ya nuna cewa waɗanda suka fi kowa zurfi a addu'a da ganin wahayi su ne suka fi kowa tuhumar abin da suka gani. Ba su ƙago wannan ba: wasiƙar Yohanna ta fari ta umarci masu bi su gwada ruhohi, Bulus kuma ya lissafa iya rarrabe su cikin baye-bayen Ruhu Mai Tsarki.

Dubi Ignatiyus na Loyola, sojan Sifaniya da harsashin igwa ya ragargaza wa ƙafa a Pamplona a 1521. Yana kwance yana jinya, ya lura cewa tunanin jarumta da neman suna na faranta masa rai, amma da ya wuce sai ya bar zuciyarsa a bushe. Tunanin koyi da tsarkaka kuwa daɗinsa na zama. Daga baya a garin Manresa ya riƙa ganin wani abu mai ƙyalli a iska, mai siffar maciji, kamar da idanu da yawa a jikinsa, yana jin sanyi a rai duk lokacin da ya bayyana. Sai ranar da ya durƙusa gaban wani gicciye ya ga kyan abin ya dushe, ya gane Shaiɗan ne. Ka ga ke nan daɗin da mutum ya ji bai isa shaida ba. Shi ya sa ƙa'idojin da ya rubuta suke bin tunani tun daga farkonsa har inda ya kai mai shi: ya ƙara masa tawali'u da ƙauna, ko kuwa girman kai da raina 'yan'uwa? Yohanna na Gicciye ya fi shi tsanani, domin shawararsa ita ce kada a nemi wahayi, in ya zo kuma kada a riƙe shi. Abin da Allah ya nufa zai yi aikinsa ko ba a rungume shi ba.

Wani zai ce wannan hanya ce ta danne Ruhu da miƙa wa shugabanni wuƙa da nama. Maganar tana da tushe. Kotun malaman coci ce ta yanke wa Jan Dark ta Faransa, wadda ta ce tana samun wahayi, hukuncin da ya kai ga ƙone ta a 1431, aka wanke ta a 1456. Shi kansa Yohanna na Gicciye 'yan ƙungiyarsa ta addini ne suka kulle shi a Toledo a 1577, wajen wata tara. Amma abin da ya lalace a nan masu awon ne, waɗanda siyasa da hassada suka shiga tsakaninsu da gaskiya. A jefar da ma'auni saboda su, sai a bar talaka a hannun duk wanda ya fi ƙarfin murya. Tireza ta Abila, wadda wasu limamanta suka ce wahayinta na Iblis ne, ba ta daina kai shi gaban masana ba. Neman waɗanda suka fi ilimi ta yi.

Ko Fadar Paparoma ta ƙara taka-tsantsan. Ƙa'idojin da ta fitar a Mayun 2024 sun ce, a bisa al'ada, ba za a ƙara ayyana wata bayyana a matsayin tabbatacciya daga sama ba; iyaka a ce babu abin da ya hana masu bi amfana da ita.