Bayan an ɗaga ƙafar mota, sai sitiyari ya sauya hali

Duk ma'aikacin da aiki ke fitar da shi daga Abuja zuwa ƙauyuka da damina ya san dalilin da ake ɗaga ƙafar Hilux ko Land Cruiser. Ana neman gindin mota ya haye kwazazzabo da taɓo ba tare da ya daki ƙasa ba. Sai dai da zarar motar ta dawo kan kwalta, a hanyar Kaduna ko ta Lokoja, direba kan fara kukan cewa ta daina tsayawa a layi, kuma sitiyari ba ya komowa daidai bayan an sha kwana.

Mafi yawan lokuta laifin yana ga abin da makanikai ke kira kasta. Dubi gaban keke: ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba ba a miƙe yake ba, samansa ya ɗan kishingiɗa baya, shi ya sa keke ke tafiya sak ko an saki hannu. Haka ƙafar mota take. A Land Cruiser 70 da 80, waɗanda tayoyinsu na gaba ke kan aksul guda, dogayen hannuwa biyu ne ke riƙe da shi. Idan aka sa doguwar sifirin, hannuwan sukan sunkuya, aksul ya juya, kishingiɗar nan ta ragu. Ga ɗagawar inci 2, wato kimanin santimita 5, akwai bushi na musamman masu rami a gefe da ke maido da kusan digiri 2. In ɗagawar ta kai inci 4, bushi ba ya isa. Sai an sauya hannuwan ko an saukar da mazauninsu.

Akwai kuma sandar da ta gitta daga shasi zuwa aksul, wadda ke hana shi zamewa gefe. Tsawonta bai ƙaru ba, don haka ɗagawar kan janye aksul ɓangare guda, har taya ɗaya ta leƙo waje fiye da 'yar'uwarta. Maganin shi ne sanda mai zare da ake iya tsawaitawa. Wajibi ne kuma ta tafi kafaɗa da kafaɗa da rodin sitiyari, in ba haka ba duk ramin da aka faɗa sai motar ta fizgi kanta gefe. A gudun kilomita 100, wannan ba abin wasa ba ne.

Hilux da Prado na zamani nasu daban ne, domin kowace tayar gaba da ƙafarta. A nan tayoyin kan karkace, su riƙa cinyewa ta gefe guda, kuma in ɗagawar ta yi yawa sai an sauya hannun sama kafin alaimen ya zauna.

Ga mai sa hannu a takardar biyan kuɗi: kada ka karɓi mota da “an yi alaimen” kawai. Sau da yawa abin da aka taɓa bai wuce tayarod ba, alhali shi ne na ƙarshe a jerin aikin. Nemi takardar da na'urar awo ta fitar, mai nuna lambobin kafin gyara da bayansa, kuma a auna motar ɗauke da kayan da ta saba ɗauka. A sake saita fitilun gaba, sannan a gaya wa direba cewa nauyin motar ya koma sama, don haka ya rage gudu a kwana ko da awon ya fito daidai.