Bakin Aska a Ƙarƙashin Madubi

A shekarar 1665 wani masanin kimiyya ɗan Ingila, Robert Hooke, ya wallafa abin da ya gani lokacin da ya ɗora askar da aka wasa sosai a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu. Bakin da ido ke gani sumul sai ga shi da kunya-kunya da kwari, tamkar gonar da aka yi wa huɗa. Abin da ya gani yana nan a bakin kowace aska ta wanzamin Dutse da kowace wuƙar mahaucin kasuwar Shuwarin. Ra'ayina shi ne mai sana'ar kaifi yana da bukatar ya gani da idonsa, kuma ƙaramin madubi mai araha ya fi masa babba amfani.

Dalili kuwa, yawancin wuƙar da ake cewa ta ƙi kaifi laifin wasawa ne. Idan dutsen wasa wuƙa ya ci gefe ɗaya har ya kai ƙarshe, wani siririn leɓen ƙarfe yakan lanƙwasa zuwa ɗaya gefen. Wannan leɓe shi ke yaudarar mutum: zai aske gashin hannu, amma da an yanka nama sau biyu sai ya karye, wuƙar ta dakushe, a ce ƙarfen ne ba kyau. Madubin da ke ninka girma sau 10, irin na masu sayar da zinare, ya isa ya nuna shi. Haka zai nuna ƙananan giɓi, da inda dutse bai taɓa ba, da shuɗin da injin wasa ke bari idan ya ƙona bakin ƙarfe har ya yi laushi. Wanda ya shafa wa bakin wuƙa tawadar maka, ya goga sau uku a dutse, sannan ya duba, zai ga ko hannunsa ya kwanta daidai ko ya cika miƙewa.

To wanne za a saya? Irin na ɗakin gwajin jini, wanda ake gani a asibitin Rasheed Shekoni ko a Jami'ar Tarayya ta Dutse, ba na wannan aiki ba ne, domin haskensa daga ƙasa yake hudowa ya ratsa abin da ake dubawa, ƙarfe kuwa haske ba ya ratsa shi. Inuwa kawai za a gani. Abin nema shi ne wanda haske ke sauka ta sama ko ta gefe. Na aljihu mai 'yar fitila, mai ninki 30 zuwa 60, ya wadatar. Waɗanda ake jona wa waya, ana rubuta ninki 1000 a kwalinsu, cika baki ne na 'yan kasuwa. Ko da gaskiya ne ma, gwargwadon ƙaruwar ninki gwargwadon ƙanƙancewar wurin da ke fitowa tar, har numfashin mai dubawa ya isa ya gusar da hoton. A riƙa juya wuƙar a hankali ƙarƙashin haske: baki mai kaifi ba ya walƙiya, duk inda ya ƙyalla, nan ne bai wasu ba.

Wani zai ce kakanninmu da farce da babbar yatsa suka gwada kaifi, sun kuma yi kaciya da fiɗa lafiya. Gaskiya ne, kuma gwajin yanka shi ne alƙali har gobe, domin ainihin tsinin aska ya fi ƙarfin ganin irin waɗannan madubai. Sai dai yatsa tana cewa wuƙa ba ta yi ba, ba ta faɗin dalili. Ƙwararre ya tara wannan sani a shekaru masu yawa. Yaron da yake koya wa aiki zai iya ganinsa a yini ɗaya, ya daina cinye ƙarfe a banza. Ga kuma layya, inda addini ya yi umarni a wasa wuƙa don a hutar da dabba, alhali masu yanka da yawa sau ɗaya suke riƙe wuƙa a shekara.

Abin da madubin ba zai nuna ba shi ne ƙwayar cuta. Aska tana iya fitowa fes a ninki 60 alhali tana ɗauke da ƙwayar ciwon hanta daga kan wanda aka yi wa aski ɗazu. Wannan aikin tafasawa ne, ko sabuwar reza ga kowane kai.